William Byers, mai awon filayen da ya kafa jaridar farko a Denver

Wane ne William Byers?

Ba'amurke ne da aka haifa a jihar Ohio a 1831, sana'arsa ta fari awon filaye. Da aka buɗe yankin Nebraska ga turawa masu neman wurin zama a 1854, yana cikin waɗanda suka fara sauka a Omaha, har ya zama ɗan majalisar dokokin yankin ta farko.

To me ya haɗa mai awon filaye da jarida?

Zinariya ce. A 1859 labarin samunta a duwatsun Rocky ya kwashi dubban mutane zuwa yamma. Kowa ya ɗauki diga da shebur, shi kuwa ya ɗora injin buga takardu a kan amalanken shanu ya nufi Denver, garin da yanzu yake babban birnin jihar Colorado. Ranar 23 ga Afrilu 1859 ya fitar da Rocky Mountain News. Akwai wata jaridar, Cherry Creek Pioneer, da ake haɗawa a daren nan, kuma ana cewa da minti 20 kacal ya riga ta. Daga wannan fitowa ɗaya ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Gaskiya ne a cikin rafi ya gina ofishinsa?

Gaskiya ne. Rafin Cherry Creek ne ya raba Denver da Auraria, garuruwa biyu masu zaman kishiyoyi. Don kada ya ɓata wa kowa, sai ya kafa ginin a kan turaku a tsakiya. Mutane ya lallaɓa, ya manta da ruwa: a watan Mayu 1864 ambaliya ta yi awon gaba da ginin da injin.

Me ya sa wasu ba sa yabonsa?

Saboda abin da ya yi da alƙalaminsa a waccan shekarar. Jaridarsa ta yi ta zuga turawa a kan ƙabilun Cheyenne da Arapaho, masu ƙasar na asali. Ranar 29 ga Nuwamba 1864 sojojin Kanar John Chivington suka afka wa zangonsu a Sand Creek, suka kashe fiye da mutum 150, akasari mata da yara da tsofaffi. Majalisar dokokin Amurka ta yi bincike ta yi tir da kisan. Byers kuwa nasara ya kira shi, kuma bai taɓa lashe amansa ba.

Ina aka kwana da jaridar?

Ya sayar da ita a 1878, ya mutu a 1903. Ita ta ci gaba da fitowa har Fabrairu 2009, saura wata biyu ta cika shekara 150.