Sake gina jakin manyan tsarkiyoyi na tsohon fiyano na tsaye

Jakin manyan tsarkiyoyi wani guntun katako ne mai tauri da ke manne a jikin allon sauti na fiyano, wanda tsarkiyoyin murya mai kauri suke bi ta kansa. Aikinsa shi ne karɓar girgizar tsarkiya ya miƙa wa allon, allon kuma ya watsa ta cikin iska. Sunan daga bakin makaɗan Hausa aka aro shi, domin ɗan icen da ke ɗaga tsarkiya a kan goge ko garaya jaki suke ce masa. Masu gyara a Kamaru da Chadi, waɗanda da Faransanci suka koyi sana'ar, suna ce masa chevalet, kalmar da asalinta ke nufin ɗan doki. Bahaushe ya ga jaki, Bafaranshe ya ga doki, amma duk dabbar ɗaukar kaya suka hanga.

Yadda aka gina shi

Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro fiyano a birnin Fulorans na Italiya wajen shekarar 1700. A 1825 Alpheus Babcock ya yi rajistar firam na zubin ƙarfe, wato ƙashin da ke ɗauke da jan tsarkiyoyi, a Boston ta Amurka, daga baya kuma maƙera suka koma gicciya manyan tsarkiyoyi a kan ƙanana don su sami tsawo cikin akwati ɗaya, dabarar da ake dangantawa da Jean-Henri Pape na Faransa. Manyan tsarkiyoyi suna da jakinsu daban, kuma wannan gicciyawar ce ta sa ya fi na ƙananan tudu. A fiyano na tsaye yana can ƙasa, bayan allon da ke saman fedojin da ake takawa da ƙafa, inda ƙura da ɓeraye suka fi ziyarta.

Fiyano mai maɓallai 88 yana da tsarkiyoyi kimanin 230, kuma jansu gaba ɗaya yakan kai wajen tan 18. Na ɓangaren kauri waya ce ta baƙin ƙarfe da aka naɗe da jan ƙarfe. Muryoyin can ƙarshe tsarkiya ɗai-ɗai gare su, na sama da su bibbiyu. Kowace tsarkiya tana ratsa tsakanin ƙusoshi biyu da aka kafa a karkace a kan jakin, ɗaya gaba ɗaya baya, ta yadda sai ta ɗan kauce kafin ta wuce zuwa maratayinta a jikin firam. Kaucewar ce ke riƙe ta gam, ita ce kuma ke tura ƙusoshin gefe dare da rana har shekara ɗari. A fiyano da yawa jakin ba ya zaune kai tsaye a kan allon sauti. Akan ɗora shi a kan wani faffaɗan katako mai kama da shiryayye, wanda aka manna can ciki nesa da bakin allo, inda allon ya fi motsi.

Abin da ke lalata shi

Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Masu gyaran fiyano sun fi son laimar ɗaki ta tsaya wajen kashi 45 cikin 100. A Garwa, Marwa, Kusiri da Injamena ba haka lamarin yake ba: da hunturu iska kan bushe har laima ta faɗi ƙasa da kashi 20, sannan damina ta zo ta cika ta. Fiyanon da aka ƙera don ɗakunan Turai, aka kawo shi coci ko makaranta ko gidan wani ma'aikaci a wannan yanki, kowace shekara sai ya sha wannan kai-komo. Tun da ƙusoshin suna jere kusa da juna, tsagewa kan fara daga rami ɗaya ta bi layi zuwa na gaba, kamar yadda ƙwarya kan tsage. Tsohon gam ɗin fata da aka manna shiryayyen da shi shi ma yakan saki. Gara kuwa, in ta samu shiga ta ƙasa, ba ta jiran shekaru.

Kunne kan riga ido ganewa. Murya mai kauri takan mutu da wuri, ko ta zo da zuza, ko a saita ta yau gobe ta sauka. In aka cire allon ƙasa aka haska tocila, sai a ga ƙusoshi sun kwanta, tsarkiya ta miƙe sambal babu kaucewa.

Matakan gyara

Ƙananan tsagu ba sa bukatar sabon gini. Akan sassauta tsarkiyoyi, a zare ƙusoshi, a cika ramukan da gam na ifoksi, a mayar da su. Sake gini yana zuwa ne idan saman ya rududduge.

Rabin aikin a aune-aune yake, kuma kafin a taɓa komai ake yin sa. Mai gyara zai kwantar da fiyanon a bayansa, abin da ke bukatar ƙarti da yawa domin nauyinsa kan haura kilo 200. Zai auna tudun jakin a wurare da dama, ya auna yadda tsarkiya take danna shi. Sai ya sassauta manyan tsarkiyoyin, ya cire su daga marataya, ya zura su a jikin waya ɗaya bi da bi, domin kowace da nata tsawo da kaurin, kuma in suka cakuɗe an shiga uku. Daga nan ya shimfiɗa takarda a kan jakin ya ɗauki zanen kowane rami. Wanda ya yi gaggawar ɓamɓare tsohon katako kafin ya ɗauki wannan zane, ya jefar da shaidar da ba za ta dawo ba.

Idan gindin jakin lafiya lau yake, saman kaɗai ake kankarewa har a wuce zurfin tsagun, a manna sabon katako a kai. In shiryayyen ma ya rabu, sai a ciro duka a sassaƙa sabo a kan ƙirar tsohon. Maƙeran Amurka da icen maful suka fi aiki, na Turai da icen biic, dukansu masu tauri ne da ba sa saurin tsagewa. Waɗannan itatuwa ba sa fitowa a ƙasashen nan. Kafinta zai iya tunanin maɗaci ko ƙirya, sai dai tauri kaɗai bai isa ba. Ana son icen da zai rungumi ƙusa ba tare da ya dare ba, kuma gwada shi da 'yan ƙusoshi a gefe ya fi a gwada shi a jikin fiyano. Ko wane ice ne, sai ya zauna a ɗakin ya bushe daidai da iskar wurin. Katakon da aka manna da danshin watan Agusta, Janairu na zuwa zai tsuke.

Bayan gam ya kama, akan ja zare daga inda tsarkiya ke tashi zuwa maratayinta, a feƙe saman a hankali har jakin ya ɗan ɗaga zaren kaɗan. In ya yi tudu da yawa ya shaƙe allon sauti, in ya yi ƙasa murya ta fita ba ƙarfi. Sai a ɗora zanen takardar, a huda ramuka a karkace, kowane ya ɗan fi ƙusarsa ƙunci. A sassaƙe bakin katakon daidai tsakiyar layin ramukan, don tsarkiya ta rabu da ice da ƙusa a wuri ɗaya. In aka kuskure nan, sautin zai riƙa rawa ko da an saita shi daidai. Akan shafa wa saman garin bakin fensir don tsarkiya ta zame, a buga sababbin ƙusoshi, a goge kawunansu su daidaita.

Mayar da tsarkiyoyi da saiti

Tsofaffin tsarkiyoyi akan mayar da su in naɗinsu bai saki ba. Sababbi sai an aika da awo ƙasar waje an naɗo su, kuma kuɗin hakan kan fi darajar fiyanon a kasuwa, shi ya sa galibi sai mai tarihi a gida ko a coci ake yi wa wannan hidima. Ba a ɗaure su lokaci guda. Akan ja su a hankali, a saita, a bar su kwanaki su miƙe, a sake saitawa sau uku ko huɗu. Ma'aunin da aka saba shi ne muryar La ta tsakiya ta yi girgiza 440 a daƙiƙa, wanda ke sa murya mafi kauri ta can ƙarshe ta tsaya a 27.5, amma wasu masu gyara sukan bar tsohon fiyano ƙasa da haka kaɗan don rage wa tsofaffin wayoyi wahala.