Me ya sa ranar firgici ba ta mantuwa?

Me ya sa mutum yake tuna ranar da aka yi masa rasuwa, amma ya manta abin da ya ci shekaranjiya?

Domin ƙwaƙwalwa ba ta ba kowane lamari daraja ɗaya. Idan gaban mutum ya faɗi, ko murna ta lulluɓe shi, jiki yana sakin sinadaran adirinalin da kotisol, waɗanda ke zaburar da wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da bai wuce ƙwayar gyaɗa da yawa ba, mai suna amigdala. Ita kuma sai ta matsa wa maƙwabciyarta hifokamfus, mai ɗaure sabon abu a ma'ajiya, lamba kada ta saki wannan. Aikin ɗaurin yana ci gaba sa'o'i bayan faruwar abin, har cikin barci.

An gwada wannan kuwa?

An gwada. A 1994, Larry Cahill da James McGaugh na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsu sun nuna wa mutane hotuna iri ɗaya, wasu tare da labari na yau da kullum, wasu kuma tare da labarin yaron da mota ta buge. Bayan mako guda, waɗanda suka ji labarin hatsarin sun fi tuna bayanai, sai dai waɗanda aka ba maganin furofaranolol, mai toshe tasirin adirinalin. Su kam wannan fifikon bai bayyana a gare su ba.

Ke nan abin da aka tuna cikin tashin hankali gaskiya ne tsantsa?

A nan ne ake yawan ruɗuwa. Washegarin fashewar kumbon Challenger na Amurka a Janairun 1986, masanin halayyar ɗan'adam Ulric Neisser ya sa ɗalibai sun rubuta inda suke lokacin da labarin ya riske su. Da aka sake tambayarsu bayan kusan shekara uku, da yawa sun ba da labari daban, kuma cike da yaƙini; wasu ma da aka nuna musu rubutun hannunsu, suka dage a kan sabon labarin.

Tsoro kuma yana ƙuntata hankali wuri guda, shi ya sa wanda ɗan fashi ya tare kan iya siffanta bakin bindigar dalla-dalla, amma fuskar mai riƙe da ita ta kuɓuce masa.