Doguwar Tafiya a Kan Keke Tsakanin Ƙananan Garuruwa

Doguwar tafiya a kan keke, wadda wasu ke kira yawon buɗe ido a keke, tafiya ce ta kwanaki ko makonni, wani lokaci har shekaru, inda matafiyi ke ɗaure guzurinsa da kayan gyara a jikin kekensa, yana yada zango gari-gari. Ta sha bamban da tseren keke, domin a nan ba wanda ake son a riga isa. Mai kaya a keke yakan ci kilomita 60 zuwa 100 a wuni, gwargwadon hanya da ƙarfin ƙafa. Saboda haka ƙananan garuruwan kan hanya su ne rayuwar wannan tafiya: a can ake samun ruwa, da mai faci, da abin kai wa baki, da wurin sa haƙarƙari.

Asali

Abin ya faro ne a Turai da Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. A 1878 aka kafa ƙungiyar masu yawo a keke ta Ingila. Thomas Stevens ya tashi daga San Faransisko a 1884 bisa keke mai ƙatuwar taya a gaba da 'yar ƙarama a baya, ya kammala zagaye duniya a 1886, yana tsallake tekuna a jirgin ruwa. Amma abin da ya buɗe ƙofa ga kowa shi ne keken da John Kemp Starley ya fitar a 1885, mai sarƙa da tayoyin da suka kusa daidaita, da kuma taya mai iska ta John Boyd Dunlop a 1888. A Afirka, a 2003 aka fara shirya ayarin masu keke daga Alƙahira zuwa Kef Tawun, tafiyar kimanin wata huɗu.

A ƙasar Hausa kuwa, doguwar tafiya a keke ta riga sunan yawon buɗe ido zuwa. 'Yan koli da masu cin kasuwannin ƙauye sun daɗe suna labta wa keken Raleigh kaya suna bin kasuwa-kasuwa. Ko a kwanan baya, wani matashi ya bar Jos a keke a 2021, ya isa Saudiyya a ƙarshen 2022.

Hanyoyin da suka fita daga Jos

Jos na zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma duwatsun Shere da ke gabashinta sun haura mita 1,800. Wannan tsayi ne ya ba ta sanyin da ke sa mutum ya iya taka feda da rana tsaka ba tare da ya galabaita ba, abin da zai yi wuya a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu. Sai dai duk wanda ya fita daga Jos gangarawa zai yi, mai dawowa kuma hawa ne a gabansa.

Hanyar Abuja ta ɗan kasa kilomita 300, kwana uku ko huɗu ke nan ga matsakaicin matafiyi. Ana bi ta Bukuru da Mararrabar Jama'a zuwa Riyom, inda duwatsun nan da suka hau kan juna suke, sannan a tunkari Hawan Kibo. Nan ne wurin da ya fi kowane haɗari ga mai keke. Gangare ne mai tsawo da kwana-kwana, tireloli da tankoki na bin sa, kuma keke mai kaya yana ɗaukar gudu fiye da yadda mai shi ke zato. Wanda ya danne birki bai saki ba, gammon tayar zai ɗauki zafi, robar birki ta cinye. Ƙa'ida ita ce a riƙa dannawa ana saki, a tsaya a huta in hannu ya gaji. Ruwan Assop mai faɗowa daga dutse yana nan kusa, kuma ya cancanci a tsaya a gan shi. Daga ƙasan tudu iska ke sauyawa, zafi ya karɓi mutum, a wuce Gwantu da Andaha zuwa Akwanga, sai Garaku da Keffi. Daga Masaka zuwa Nyanya cunkoson motoci ne, babu daɗin tafiya a ciki.

Mai neman ƙauyuka na gaske ya fi dacewa ya nufi kudu: Barkin Ladi, Mangu, Panyam, Pankshin. Gonakin masara da dankalin turawa ne hagu da dama, da kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Ruwansu na da zurfi, ba na wanka ba ne. Hanyar Bauci, kimanin kilomita 130 ta Tilden Fulani da Magama Gumau da Nabordo, ita ce ta fi sauƙi ga sabon shiga.

Lokaci da kaya

Damina a Jos daga Afrilu take zuwa Oktoba, da ruwan yamma mai ƙarfi, wani sa'in har da ƙanƙara. Nuwamba ne ya fi: ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi tsanani ba. A Disamba da Janairu sanyin asuba yana daskarar da yatsu a kan birki, dole a nemi safar hannu.

Keke mai giya ya fi sauƙin hawa, amma akwai abin lura: keke mai tayar inci 26, ko tsohon samfurin da ake hawa a ƙauye, shi ne wanda mai gyara a bakin tasha zai samo wa taya da tub. Keke mai tsada da baƙin kayan gyara yakan tsayar da mai shi kwana biyu a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ana ɗaukar famfo, da faci da sholisho, da sifana, da man sarƙa, da fitila, da hular kwano, da gorunan ruwa. A raba nauyi gefe biyu na kariya, mai nauyi a ƙasa.

Zama baƙo

Garin da ba shi da masaukin haya, matafiyi yakan fara da teburin mai shayi ko tashar mota. A can ake jin labarin hanya: inda gada ta karye, inda ba a bi bayan la'asar. In kwana ya kama, ladabi shi ne a nemi mai unguwa ko mai gari a gabatar da kai, a faɗi inda aka fito da inda aka nufa. “Ranka ya daɗe, baƙo ne ni, dare ya riske ni” takan wadatar a ba mutum zaure ko a haɗa shi da limami ko fasto. Filato ƙasa ce ta harsuna da yawa, Birom da Ngas da Mwaghavul da sauransu, amma Hausa na aiki a kusan kowace kasuwa.

Ba a ɓoye batun tsaro. Riyom da Barkin Ladi da Mangu sun ga rikice-rikice, an sha sa dokar hana fita, kuma garkuwa da mutane ta addabi wasu hanyoyin. Matafiyi mai hankali ba ya tafiyar dare, ba ya kafa tanti a daji, yana riƙe da katin shaida saboda shingayen bincike, kuma ba ya ɗaukar hoton mutane ko gonakinsu sai da izini. In direbobin tasha suka ce kada a bi wata hanya yau, sai a ɗora keken a bayan mota a biya kuɗin kaya, a sauka a gari na gaba.