Brian Greenwood

Brian Mellor Greenwood, wanda aka haifa a 1938, likita ne ɗan Birtaniya, masanin garkuwar jiki da cututtukan ƙasashe masu zafi. Ya yi shekara kusan 13 yana aiki a Najeriya, uku a Ibadan da goma a Zariya, sannan ya yi 15 a Gambiya. An fi saninsa da aikin zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, amma ƙofar da ya shigo ta ita daban ce. Bincikensa na fari a kan cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita ne, kuma tambayar da ya ɗauko daga can ita ta yi ta jansa har ta kai shi ga cututtuka biyun da jihohi irin su Zamfara da Kebbi ke fama da su duk shekara, ɗaya da bazara, ɗaya da damina.

Karatu

Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij da asibitin Middlesex na Landan, ya zama likita a 1962.

Ibadan da tambayar amosani

A 1965 ya sauka a asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan a matsayin matashin likita. Wanda ya yi horo a Landan ya saba ganin majinyata masu amosanin gaɓɓai mai kumburi, irin wanda ke lanƙwashe yatsun hannu, da masu cutar lupus, wadda ke taɓa fata da gaɓɓai da ƙoda. Waɗannan cututtuka ba daga waje suke zuwa ba. Aikin garkuwar jiki shi ne ta gane baƙo ta yaƙe shi, ta kuma ƙyale ɗan gida; idan wannan ganewa ta lalace, sai sinadaran kariya da ƙwayoyin jini su fara cin naman mai su. A Ibadan Greenwood ya lura cewa irin waɗannan majinyata ba su cika zuwa ba. Ya bi bayanan waɗanda aka kwantar a asibitin, ya kwatanta da abin da aka saba gani a Ingila, ya kuma duba mutane a ƙauyukan yankin, ya tarar da ƙarancin a ko'ina.

A 1968 ya buga sakamakon a mujallar Lancet tare da wani hasashe: cewa yawan kamuwa da cututtukan ƙwari masu zama a jiki tun daga yarinta, musamman zazzaɓin cizon sauro, yana sauya halin garkuwar jiki ta yadda ba ta cika juyowa kan mai ita ba. Wani abu da ya ƙara wa lamarin armashi shi ne, a jinin 'yan Najeriya da dama masu cikakkiyar lafiya an samu sinadaran da likitocin Turai ke ɗauka a matsayin alamar amosani ko lupus. Alamar tana nan, cutar babu. Wannan ya zama gargaɗi ga duk mai son fassara gwajin jinin ɗan Afirka da ma'aunin da aka yanka wa Bature.

Gwajin ɓeraye

Da ya bar Ibadan ya koma Birtaniya ya yi horo a ilimin garkuwar jiki, a nan ne ya gwada hasashen nasa a ɗakin bincike. Akwai wani jinsin ɓeraye da aka samar a Niyu Zilan, waɗanda a halittarsu suke kamuwa da cuta mai kama da lupus: wasu garkuwarsu ta farfasa jajayen ƙwayoyin jininsu, wasu ƙodarsu ta lalace su mutu da wuri. Shi da abokan aikinsa, ciki har da Alister Voller, suka sa wa ƙananan ɓerayen ƙwayar zazzaɓin cizon sauro irin ta ɓeraye. Waɗanda suka yi cutar suka warke, sai cutar gādon ta yi jinkirin bayyana a jikinsu, suka kuma fi sauran daɗewa. An buga wannan a mujallar Nature a 1970.

Shekara 19 bayan haka wani mai bincike ɗan Birtaniya, David Strachan, ya fito da abin da aka sani da hasashen tsafta, wanda ke cewa ƙarancin cuɗanya da ƙwayoyin cuta a yarinta na ƙara yawan borin jini da asma. Masu bin tarihin wannan tunani sukan koma ga aikin Ibadan a matsayin ɗaya daga cikin tushensa na farko.

Ba a kai ga matsaya ɗaya ba a kan hasashen na Greenwood. Likitocin gaɓɓai na Najeriya, musamman a Legas, sun ba da rahoton masu lupus da amosani da yawa a shekarun baya-bayan nan, suna ganin rashin ƙwararru da kayan gwaji ne ya ɓoye cutar a da. A ɗaya gefen, masu bincike a Kambirij sun gano wani sauyi a ƙwayar halitta wanda ke ƙara haɗarin lupus amma yake kare yara daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Zariya, 1970 zuwa 1980

A 1970 ya dawo Najeriya don taimakawa wajen kafa sabuwar tsangayar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello. Eldryd Parry ne ke jagorantar sashen magunguna a lokacin, kuma cikin waɗanda suka yi aiki a wurin akwai Hilton Whittle da David Warrell, wanda ya shahara a binciken saran maciji. A Zariya Greenwood ya juya tambayarsa ta koma ɗaya fuskar. Idan zazzaɓin cizon sauro na kwantar da garkuwar jiki har ta daina cin mai ita, to ba zai hana ta yin aikin da ake so ta yi ba?

Amsar ta zo a 1972. Yaran da ke cikin zazzaɓin, idan aka yi musu allurar tetanas ko ta taifot, jikinsu ba ya samar da sinadaran kariya kamar na yara masu lafiya. Wani bincike na 1978 ya nuna cewa game da allurar sanƙarau, raunin yakan kai wata guda bayan zazzaɓin ya sauka. Ma'anar wannan ga ma'aikacin lafiya a fili take: allura ɗaya ce, amma jikin da masassara ta gama wujijjigawa ba zai karɓe ta kamar sauran ba.

Sanƙarau kuwa shi ya zo ya same shi. Zariya na cikin yankin da Bafaranshen likita Léon Lapeyssonnie ya siffanta a 1963, wanda ya miƙe daga Sanagal zuwa Habasha, inda cutar ke ɓarkewa lokaci-lokaci. Greenwood da abokansa sun fito da hanyar gane ƙwayar cutar cikin gaggawa daga ruwan ƙashin baya, ta amfani da sinadaran kariya maimakon jiran ta tsiro a kwano. Sun kuma bayyana dalilin da ya sa wasu majinyata, bayan sun fara farfaɗowa, sai gaɓɓansu su kumbura ko ƙuraje su fito musu: ba ƙwayar cutar ce ta dawo ba, ɓurɓushinta ne ya haɗu da sinadaran kariya suka taru a gaɓa. A nan horonsa na amosani ya yi masa rana. Ƙungiyar Zariya ta kuma gwada allura guda ta maganin kuloramfenikol mai haɗin mai, wadda ke daɗewa a jiki, abin da ya dace da lokacin annoba, sa'ad da majinyata ke kwance a ƙarƙashin bishiya kuma babu mai iya yi musu allura duk bayan 'yan sa'o'i.

Wataƙila abin da ya fi jan hankali a aikinsa na wannan zamani shi ne batun yanayi. Kowane ɗan Arewa ya san sanƙarau yakan taso a ƙarshen hunturu, ya yi ƙamari da zafin bazara, ya kwanta da saukar ruwan fari. Binciken da aka yi a yankin Malumfashi ya nuna cewa ƙwayar cutar ba ta daina yawo daga maƙogwaro zuwa maƙogwaro da damina. Greenwood ya fahimci cewa busasshiyar iska da ƙura ne ke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, har ƙwayar ta samu hanyar shiga jini.

Gambiya

Daga 1980 zuwa 1995 ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya da ke Fajara. A nan aikinsa ya bar ɗakin gwaji ya koma ƙauyuka. Binciken da aka buga a 1991 ya nuna cewa gidan sauro mai magani ya rage mutuwar yara 'yan shekara 1 zuwa 4 da kusan kashi 60 cikin 100 a ƙauyukan da aka gwada. Da aka faɗaɗa shirin a ƙasar baki ɗaya, ragin ya tsaya a wajen kashi 25. An kuma fara manyan gwaje-gwajen allurar rigakafin namoniya da sanƙarau na jarirai. Wata allurar zazzaɓin cizon sauro da aka ƙirƙiro a Kolombiya an gwada ta a can, ba ta yi aiki ba.

Landan

Wajen 1996 ya koma Makarantar Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan a matsayin farfesa. Ya jagoranci shirin horar da masu bincike 'yan Afirka da kuɗin gidauniyar Gates, da wani bincike a ƙasashe bakwai, har da Najeriya, kan masu ɗauke da ƙwayar sanƙarau ba tare da ciwo ba. Yana cikin waɗanda suka tsaya kan dabarar ba yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wata-wata da damina, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2012. Gwajin da aka yi a Burkina Faso da Mali, aka buga a 2021, ya nuna haɗa wannan magani da RTS,S, allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ya rage kwanciya asibiti saboda zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 70 cikin 100, idan aka kwatanta da ba da ɗayansu shi kaɗai.

Zamfara da Kebbi

Maganin damina da ake bi gida-gida ana ba yara ya iso Zamfara da Sakkwato wajen 2015, Kebbi ta biyo baya. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce ta fi kowace jiha yawan yara masu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jini, kashi 49 cikin 100, kuma a Disamban 2024 ita da Bayelsa aka fara allurar rigakafin wannan zazzaɓi mai suna R21 da su.

Ta fuskar sanƙarau, allurar MenAfriVac da aka fara a Najeriya a 2011 ta karya lagon nau'in A na ƙwayar cutar, wanda shi ya haddasa annobar 1996. Sai nau'in C ya ɓulla a yankunan Sakkwato da Kebbi daga 2013. A ƙarshen 2016 ya ɓarke a ƙaramar hukumar Zurmi ta Zamfara, ya bazu, aka ƙirga sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu, kuma cutar ta lafa ne da shigowar damina. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar.

Lambobin yabo

An zaɓe shi ɗan ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a 1998. Ya karɓi kyautar Hideyo Noguchi ta gwamnatin Japan a karonta na farko a 2008, tare da Miriam Were ta Kenya. A 2012 ya samu kyautar Gairdner ta Kanada, kuma a shekarar ne Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir.