Idan numfashi ya yi nauyi: abin da dokar Gana ta halatta a gadon majinyaci

"Kawu, ba kashe shi za su yi ba." Haka na ji wata yarinya 'yar unguwarmu ta Aboabo tana faɗa wa ƙanin mahaifiyarta a barandar asibiti, hawaye na zuba. Yayanta ne kwance a ciki, saurayi ɗan shekara 26, likita ya rubuta masa mofin, maganin rage zafi mai ƙarfi, saboda numfashi ya fara sarƙe masa. Kawun ya rantse ba za a ba shi ba, wai allurar sallama ce. Ranar ce ta sa na zauna na bi dokar, domin wannan gardama takan ci kwanakin da ba su da yawa.

Ciwon da yake ɗauke da shi sunansa sistik faiburosis. Na gado ne kamar sikila: sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar, sannan a kowane ciki akwai kaso ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da shi. Majina ce ke yin kauri ta toshe huhu da hanyar narkar da abinci. An gano ƙwayar halittar da ke jawo shi a 1989. Ya fi yawa cikin Turawa, shi ya sa a nan akan daɗe ana maganin tarin fuka ko asma kafin a gane. Mma, mahaifiyarsa, ta ce tun yana goye takan ji gishiri a goshinsa in ta sumbace shi. Shekara da shekaru, kullum bayan sallar asuba, sai ta kifa shi kan filo ta riƙa bubbuga bayansa da tafin hannu har majinar ta fito. Akwai sabon magani, Trikafta, da Amurka ta amince da shi a 2019, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

To me doka ta ce? Abu ɗaya ta haramta ƙarara. Sashe na 42 na dokar manyan laifuka ta 1960, wato Doka ta 29, ya ce yardar mutum ba ta halatta kashe shi. Ko majinyaci ya roƙa da bakinsa, ko ya sa hannu a takarda, wanda ya ɗauke masa rai ya yi kisa. Sashe na 57 kuma ya sa taimaka wa mutum ya kashe kansa cikin manyan laifuka. A 2023 majalisa ta cire hukunci a kan wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, amma mai taimakawa har yanzu yana hannun doka. A nan doka da abin da malamanmu ke karantarwa sun zo ɗaya.

Mofin ba ya cikin wannan. Magani ne da doka ta sa wa ido sosai, ƙarƙashin dokar kula da miyagun ƙwayoyi, Doka ta 1019 ta 2020, saboda haka ba ya fita sai da takardar likita, kuma ana rubuta kowane abin da aka bayar. Kaɗan ake farawa da shi, a ƙara gwargwadon buƙata. Aikinsa rage zafi da rage wannan jin shaƙewa, kamar wanda ruwa ya ci. Wanda ya taɓa ganin mutum yana kokawa da iska, ido a waje, kafaɗu na hawa da sauka, ya san hana shi wannan sauƙi ba tausayi ba ne. Mutane kan ga an ba da shi, bayan kwana biyu mutum ya cika, sai su ɗora wa maganin. Ciwon ne ya kai inda ya kai, an dai makara wajen neman sauƙin.

Sai maganar da ta fi wuya a gidajenmu: wa ke da ta cewa? Baligi mai hankalinsa, shi ne. Yardarsa ce ke halatta wa likita taɓa jikinsa, kuma wannan sashe na 42 ya ba shi damar janye ta. In ya ce ya gaji, kada a sa masa na'urar numfashi, a mayar da shi gida ya ji karatun Yasin a ɗakin mahaifiyarsa, yana da wannan iko. Barin maganin da ya daina amfani daban, kisa daban. Takardar haƙƙin majinyaci da ke cikin dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ba shi haƙƙin a gaya masa gaskiyar halin da yake ciki, da haƙƙin jin ta bakin wani likita, da haƙƙin a rufa masa asiri. Mu kuwa mun saba a ja kawu gefe a faɗa masa, a bar mai ciwon cikin duhu don kada hankalinsa ya tashi. Niyya mai kyau ce, amma a ganina tauye shi ne. Mai ciwon nan ya fi kowa sanin huhunsa.

In kuma ya fita hayyacinsa, kundin tsarin mulki na 1992 ya tsaya masa. Sashe na 30 ya ce wanda rashin lafiya ta hana shi ba da izini, ba wanda zai hana shi magani saboda addini ko wata aƙida kawai. Addu'a da rubutu suna da wurinsu, amma ba hujja ba ce ta zare masa oksijin. Shi ya sa yake da kyau tun yana iya magana a zauna da likita, ya faɗi abin da yake so, ya ambaci wanda zai yi magana a madadinsa, a rubuta a fayil ɗinsa. Wasiyya ba za ta yi wannan aiki ba, ita sai bayan rai.

Asibitin Komfo Anokye a Kumasi, wanda muke kira Gee, da Korle Bu a Akara suna da ma'aikatan da aikinsu shi ne sauƙaƙa wa masu ciwon da ba ya warkewa. Ku nemi likitanku ya tura ku wurinsu tun da sauran ƙarfi.

Kawun nan daga baya ya shiga ɗakin ya tambayi yaron da kansa. Yaron ya cire abin oksijin daga hanci ya ce, "Kawu, ina so in yi barci ko na awa ɗaya." An ba shi mofin ɗin. Daren nan Mma ma ta samu ta runtsa a kan tabarma kusa da gadon.