Ma'anar "Ram" a Kwamfuta: Gig Ɗin da Ba na Ajiya Ba

Kawuna ya fi shekara 20 yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12, kuma ba a cika yi masa wayo a ciniki ba. Da ya ɗaga buhu ya san ko manyan a baki suke, ƙananan a gindi. Amma ranar da ya je Ikeja ya sayo wa 'yarsa laftof don ta riƙa atisayen jarabawar JAMB, wadda yanzu a kan kwamfuta ake rubuta ta, sai ga shi ya kira ni bayan sallar isha'i yana mita.

"Ɗana, an ce mini mai gig 500 ce. To ga ta nan tana tafiya kamar tirela a hanyar Apapa."

Na ce, "Kawu, gig 500 na me?"

Ya yi shiru, can ya ce, "Au, gig ɗin ma kala-kala ne?"

Washegari na je gidansa a Agege na duba. Babu wanda ya yi masa ƙarya. Ma'ajin kwamfutar gig 500 ne, ram ɗinta kuwa gig 4 (gig, wato gigabyte, mudu ne na auna yawan bayanai). Shi dai tambaya ɗaya ya yi, "gig nawa ce?", alhali tambayar amsa biyu gare ta, mai kaya kuma ya ba shi wadda ta fi daɗin ji.

Kalmar ram ba ta haɗa komai da ragon da Bature ke kira da wannan suna ba, balle a je nemanta Alaba Rago. Ba kuma ram ɗinmu ba ce ta "an yi ram da ɓarawo", ko da yake a nan akwai ɗan kama, domin ita ma cafke abu take ta riƙe. Sai dai riƙon nata na da sharaɗi: muddin akwai wuta. Haruffa uku ne na Turanci, R da A da M, taƙaitawar Random Access Memory, wato ƙwaƙwalwar da ake iya taɓa ko'ina a cikinta kai tsaye. Wanda ya yi zamanin kaset zai gane abin da ake nufi. In kana son wa'azin da ke tsakiyar kaset, dole ka wana zaren, wani lokaci da biro, har ka iso wurin. Ram ba ta buƙatar wani wani. Ko abin yana farko ko yana ƙarshe, lokaci ɗaya ake ɗauka a kai gare shi, kuma lokacin ƙanƙani ne ƙwarai.

Da harkarsa na yi wa Kawu bayani. Yana da sito inda buhuna ke jibge, yana kuma da gaban rumfa inda yake kasa albasa da safe. Mai saye ba ya shiga sito. Abin da aka kasa a gaba shi hannu ke kaiwa, shi ake aunawa, shi ake zubawa a leda. To ma'ajin kwamfuta shi ne siton: hotuna, fina-finai, takardu, manhajoji, har ita Windows ɗin kanta, duk a can suke kwance. Ram ita ce gaban rumfa. Furosesa kuma, wato ɗan abin da ke yin lissafin komai, shi ne mai rumfar, kuma ba ya aiki sai da abin da aka kasa masa a gaba. Idan ka danna Word ko Chrome ka ga ta ɗan yi jim kafin ta buɗe, kaya ake ɗebowa daga sito ana kasawa.

Yanzu a ce gaban rumfarka bai fi faɗin tabarma ba, ga masu saye sun yi layi, wannan na son ja, wancan na son fara, wata na son ƙanana na miya. Sai ka riƙa kwashe wani kaso ana mayarwa sito don a samu wurin kasa wani, in mai wancan ya dawo a sake ɗebo masa. Yaron shago ya wuni yana kai da komo, ciniki kuma ya tsaya. Haka kwamfuta ke yi in ram ta cika. Windows takan ari wani yanki na ma'aji ta riƙa sauke abin da ba a taɓa ba kwanan nan, ta ɗauko in an nema. Ba ta mutuwa, amma sai ka ga ka danna shafi a burauza ya yi fari fat kafin ya dawo, ko kibiyar linzami ta riƙa kewaya. Girman siton bai rage wannan wahala da komai ba. Ko gig 2,000 ne, gaban rumfar na nan yadda yake.

Abin da siton ke iya taimakawa da shi shi ne kusanci. Tsohon faifan ajiya mai juyawa, irin wanda ke cikin kwamfutar Kawu, kamar sito ne a Ojota kai kana Mile 12, kowane aike sai an shiga gosulo. SSD kuwa, wato sabon nau'in ma'aji wanda ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, sito ne a bayan rumfa. Duk da haka ko ita ba ta kai ram sauri ba, ko kusa.

Sai batun mantuwa, wanda a ganina shi ya fi cancanta kowa ya sani. Ram ɗin da ke cikin na'urorinmu an gina ta ne da biliyoyin 'yan mitsi-mitsin gurabu, kowanne yana riƙe ɗigon cajin lantarki. Gurbi mai caji ɗaya ne, marar caji sifili. Matsalar ita ce gurbin yoyo yake, kamar randa mai tsaga, don haka dole a riƙa zagayawa ana sake cika shi, kimanin sau 15 a daƙiƙa guda a ire-iren da aka fi sani. Wani injiniyan kamfanin IBM a Amurka, Robert Dennard, shi ya ƙirƙiro wannan dabara, aka ba shi takardar mallakarta a 1968. A 1970 Intel ta fitar da samfurin 1103, wanda duka-duka abin da yake iya riƙewa bai wuce harafi 128 ba, ko saƙon tes guda bai cika ba. Yau muna raina gig 4, alhali harafi sama da biliyan 4 ke nan. Amma ɗabi'ar ba ta canza ba tun wancan zamani: wuta na yankewa, cikon ya tsaya, komai ya tsiyaye.

A Legas wannan ba karatun littafi ba ne. Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu, an yi shafi uku ana na huɗu aka ɗauke wuta, ya ga fuskar mai bugawa. Abin da kake rubutawa a ram yake zaune har sai ka adana shi, abin da yara ke cewa yin sebin. Adanawar ita ce kai kaya sito. Word takan yi ajiyar ko-ta-kwana da kanta duk bayan minti 10 in ba a taɓa saitin ba, amma minti 10 na mai saurin hannu ba kaɗan ba ne. Mai laftof yana ganin ya tsira saboda batir, to amma yawancin na hannu da ake kawowa daga waje batirinsu ya riga ya sha jiki, ana zare caja su ɗauke. Danna Ctrl da S tare ba ya cin daƙiƙa ɗaya. Ni hannuna ya saba har a inda ba a buƙata nakan danna.

Wannan mantuwar kuma ita ce ke sa sake kunnawa ya zama magani. Mutane kan ji haushi in sun kai ƙara wurin mai gyara ya ce, "Oga, ka yi ristat tukuna?" Suna ganin rainin hankali ne. Alhali manhajoji da yawa sukan kasa kaya a gaban rumfa su manta ba su kwashe ba, kwana da kwanaki tarkace na taruwa. Ristat share wurin yake yi tas a fara sabuwar kasawa. Akwai wani abu a nan da ba kowa ya lura da shi ba. Tun daga Windows 8 ta 2012, akwai saitin da ake kira Fast Startup, wanda a yawancin kwamfutoci a kunne yake zuwa. Idan ka zaɓi Shut down, Windows takan naɗe wani sashe na abin da ke ram ta ajiye a ma'aji, gobe ta shimfiɗa shi yadda yake don ta tashi da wuri. In akwai matsala a cikin abin da aka naɗe, da ita za a tashi. Restart ne ke wankewa gaba ɗaya. Wato mai cewa "ai kullum ina kashe ta da dare" bai yi abin da mai gyara ke nufi ba.

Rufe murfin laftof kuwa barci ne kawai. Ram na nan da kayanta, batir na ba ta 'yar wutar da za ta riƙe su. Shi ya sa ake buɗewa a tarar da komai inda aka bar shi, shi ya sa kuma cajin ke raguwa a cikin jaka.

'Yar Kawu, da ta ga nauyi, sai ta hau goge hotuna da bidiyo. Wannan share sito ne alhali cunkoson a gaban rumfa yake. Gogewar na da amfani ne kawai in ma'ajin ya cika maƙil, har Windows ta rasa inda za ta sauke kayan aro. Abin da ya kamata ta rage shi ne shafuka 20 da ta bari a buɗe a Chrome, kowanne da kasonsa. Manhajojin nan kuma masu alƙawarin "wanke ram" da dannawa ɗaya, musamman a tabilet mai Android, ban ga amfaninsu ba. Su kori manhaja, ta sake tashi, batir ya sha wahala a banza, su kansu ga su zaune a kan tabarmar suna nuna talla. Ram da ke zaune fayau ba riba ba ce, kamar rumfa ce da ba a kasa komai ba.

Duba naka ba wuya. A Windows ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Ka shiga Performance, ka taɓa Memory. Nan za ka ga jimillar gig ɗin, da nawa ake ci a yanzu, a yawancin na'urori har da adadin ramukan da ake soke ram da nawa ne ke da kaya. Ka yi wannan a gaban mai sayarwa kafin ka ƙirga kuɗi. Takardar da aka manna a jikin laftof ba shaida ba ce. In kuma ka leƙa ma'aji ka ga gig 500 ya koma 465, kar ka ce an rage mudu. Masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024, mudu biyu ne ake auna hatsi ɗaya da su. Mai 256 ma 238 zai nuna.

To nawa ne ya isa? Microsoft ta ce Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana buƙatar aƙalla ram gig 4 da ma'aji gig 64. Aƙalla ɗin nan na ta tashi ne ta tsaya da ƙafafunta, ban da kayan da za ka ɗora mata. Kuma tun da aka daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane da yawa can za su koma. Ra'ayina, wanda zai sayi kwamfuta yau don karatu, rubutu, Excel da taron Zoom, kada ya sauka ƙasa da gig 8. Mai haɗa bidiyo ko zanen gini ya nemi 16 zuwa sama. Wanda kuma aikinsa bai taɓa cika 8 ba, in ya sa 32 bai ƙara gudu ba, ya dai shimfiɗa tabarmar da ba mai zama.

Ana iya ƙara ram a laftof da yawa, amma sai an dace da jinsi. DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke bakin kowacce a wuri dabam take, kuma in aka matsa da ƙarfi karyewa za a yi. Wasu siraran laftof an liƙe tasu a jikin allon ciki, babu rami sam. Haka MacBook masu furosesa M1 da Apple ta fara fitarwa a 2020 da waɗanda suka biyo baya: yadda ka saya haka za ku rabu. Tabilet ma kusan duk haka suke.

A tabilet ɗin ne ma ake wani sabon salo. Za ka ga an rubuta "8+8" a kwali, mai kaya ya ce maka 16 ce. Takwas ɗin farko ita ce ram ta gaskiya. Ta biyun aro ce daga ma'aji, dabarar nan ta kai kaya sito da muka yi magana, aka yi mata suna mai daɗi. Samsung na kiran nata RAM Plus, Tecno da Infinix ma na da irin nasu. Takan taimaka manhajar da ka bari a baya kada a rufe ta da wuri, amma kar ka biya kuɗin 16 a kan 8. Masu iPad kuma ko sun tona saitin ba za su ga adadin ram ba, Apple ba ta nuna shi a can, sai dai a bincika da lambar samfurin.

Ranar Asabar muka koma Ikeja da Kawu, muka kutsa titin Otigba cikin masu jan riga suna "wetin you wan buy". Mun yi sa'a kwamfutar na da rami biyu, ɗaya fanko. Wani mai gyara ɗan Kano ya kwance murfin ƙasa, ya soke DDR3 mai gig 4 a karkace, ya danna ta ta yi ƙas. Ko minti 10 ba a yi ba. Muka kunna, Task Manager ya nuna 8. Kawu ya sa tabarau ya duba lambar da kansa kafin ya zaro kuɗi.

Mai gyaran ya ce, "Alhaji, da za a sa mata SSD a cire wannan tsohon faifan, da ba za ka gane ta ba."

Gaskiya ya faɗa, don har yanzu in aka kunna ta da safe sai an ɗan jira ta. Kawu ya tambayi farashi, ya ji, ya mayar da tabarau aljihu ya ce a bari sai sabuwar albasa ta sauka daga Aliero.