Rangwamen kuɗin fito a kan injinan noma: yadda ake samunsa da inda ake tuntuɓe

Mai son shigo da injin casar shinkafa zuwa Kura ko Haɗeja yakan ji ana cewa kayan noma ba su da haraji. Gaskiya ne, amma da sharaɗi.

Najeriya na bin jadawalin harajin ECOWAS mai hawa biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Ana lissafa shi ne a kan kuɗin kayan haɗe da inshora da ladan jirgi. Kowane kaya na da lambarsa a littafin kwastam, kuma lambar ce ke yanke hukunci, ba sunan da kai ka kira kayan ba. Injinan noma da yawa suna hawan sifili. Amma janaretan da zai ja injin, ko kayan gyaran da aka sako daban a kwantena, lambarsu dabam ce, za a caje su. A nan lissafin mutane da yawa ke rushewa.

Idan kayan na da haraji kuma kana neman a yafe, takardar da ake nema ita ce IDEC, wato takardar yafiyar harajin shigo da kaya, daga Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, wadda tun 2020 ta intanet ake neman ta. Kafin nan sai kana da rajistar kamfani da lambar biyan haraji. Sannan ka buɗe Fom M, wato takardar sanar da hukuma kayan da kake son shigowa da su, a bankinka da takardar farashin da mai sayarwa ya aiko, kwastam kuma su fitar da PAAR, wato ƙiyasin abin da za ka biya. Bayanin injin ya zama iri ɗaya a duk takardun nan. Bambancin lamba ɗaya ya isa a riƙe kaya.

Babban kuskure shi ne barin jirgi ya taso kafin takardar yafiya ta fito. Kwantena na zaune a tashar jiragen ruwa ta Apapa, kuɗin ajiya na hawa kullum, har ya cinye rangwamen da ake jira. Yafiyar ma ba ta shafi kuɗin kamfanin jirgi, na tasha, ladan ejan mai fito da kaya daga kwastam ko motar da za ta kawo kayan Kano ba. Kuma abin da aka yafe wa haraji don aikin casa, in aka karkatar da shi kasuwa, kwastam na da ikon kamawa.

Ga ƙaramin manomi, wahalar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Gara ƙungiya mai rajista ta haɗa kuɗi ta yi odar kwantena guda, ta kuma sa ejan ya rubuto lambar kowane kaya kafin a tura ko sisi waje.